Sitiyari Shi Ne Linzamin Mota

Duk wanda ya san ƙasar Makarfi da ta Kudan da ta Ikara, ya san arzikinsu daga gona yake fitowa, kuma a bisa taya yake barin gida. Makarfi da Kudan sun daɗe da yin suna wajen rake da mazarƙwaila. Ikara kuwa, saboda yawan tumatirinta, har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa mata masana'antar sarrafa shi cikin 1981. Da damina ta ɗauke aka shiga saran rake, sai ka ga motoci suna fitowa daga Hunƙuyi da Likoro, daga Gubuchi da Gazara, daga Paki da Saulawa, kowa yana neman ya kai kayansa kasuwa tun bai bushe ba ko ya ruɓe.

In mutum ya tsaya a Tashar Yari, bakin babbar hanyar Zariya zuwa Kano, ya dubi waɗannan motoci da idon basira, zai ga kaɗan ne daga cikinsu suke nan yadda suka fito daga masana'anta. Wannan an ƙara mata sifirin, waccan an ɗaga bodinta, wata an sa mata injin da ba nata ba. Ga kuma motocin samari, waɗanda aka sa musu tayoyi masu faɗi da ɗan ƙaramin sitiyari, aka fasa salansa domin ƙara, ana wasan mota da su ran biki ko ran Salla. Motar lodi da motar wasa ba su yi kama ba, amma da yawa daga cikinsu sun haɗu a kan abu guda, watau da ƙarfin damtsen direba kaɗai ake juya su.

A kan wannan muke so mu ja hankalin masu karatu. Sitiyarin hannu, wanda makanikai ke kira manuwal, ba aibi ba ne, da shi iyayenmu suka yi tuƙi shekara da shekaru. Amma fa duk abin da aka sake a jikin mota, hannun direba ne yake biyan kuɗinsa, kuma ba a zuwa karɓar bashin sai a lokacin da direban ya fi bukatar motarsa ta bi umurninsa.

Yadda Aka Faro

A zamanin da waɗannan ƙasashe suke ƙarƙashin En'e ta Zazzau, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, motocin da aka fi gani a hanyoyinsu su ne Bedford ta lodi, da Land Rover ta rangadi, da kitika. Direban kowaccensu da hannunsa yake juya ta. Saboda haka ne aka yi musu sitiyari mai faɗi kamar faifai, aka kuma shirya shi yadda sai an murɗa shi sau da yawa kafin taya ta kai iyakarta.

A Amurka kuwa tun cikin 1926 wani injiniya mai suna Francis Davis ya nuna wata dabara ta taimaka wa direba da ƙarfin mai. Amma ba a fara sayar da ƙaramar mota mai wannan dabara ba sai cikin 1951, sa'ad da kamfanin Chrysler ya sa ta cikin motarsa Imperial. Ita ce makanikanmu ke kira fawa. Cikin 1988 kuma kamfanin Suzuki na Japan ya fito da irin wadda lantarki ke taimaka mata maimakon mai, ita ce yau ke cikin galibin sababbin motoci.

Da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci cikin 1975, sai 404 da 504, waɗanda jama'a ke kira Fijo, suka mamaye hanyoyin Arewa, galibinsu kuwa ba su da fawa. Rashinta bai rage su da kome ba. Ita 404 ta ci babbar gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka cikin 1963 da 1966 da 1967 da 1968, ita kuma 504 ta ci cikin 1975. Bayan haka, tun daga wajen 1990, sai motocin hannu 'yan Kwatano suka kwararo, irin su Golf da Vectra da Mercedes, da yawansu da fawarsu suka zo. Daga nan maganarmu ta samo asali, domin fawa takan tsufa, gyaranta kuwa da kuɗi.

Yadda Sitiyari Ke Aiki

A cikin ƙananan motoci, sandar sitiyari tana gangarawa ƙasa ne ta ƙare da wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai haƙora. Haƙoransa suna cizon wata doguwar sandar ƙarfe mai haƙora, wadda ke kwance tsakanin tayoyin gaba, makanikai suna ce mata rak. In direba ya murɗa sitiyari, sai sandar nan ta zame dama ko hagu, ta tura tayoyin ta hanyar tayarod.

To, masu ƙera mota suna da zaɓi biyu, kuma ba sa samun ɗaya sai sun bar ɗaya. In suka so sitiyari ya yi sauƙi a hannu, sai su shirya haƙoran yadda direba zai murɗa sau huɗu ko fiye daga iyakar dama zuwa iyakar hagu. In suka so mota ta riƙa amsawa da sauri, sai su rage murɗin zuwa wajen sau uku, amma sai sitiyarin ya yi nauyi. Fawa ita ce ta raba wannan gardama. Inji yana juya wani famfo da bel, famfon yana matsa jan man nan na sitiyari da ƙarfin da yakan ninka na iskar taya fiye da sau talatin, man kuwa shi ke tura rak. Saboda haka motar da aka ƙera da fawa an shirya haƙoranta ne bisa zaton taimako yana nan kullum. Wannan ita ce maganar da muke so kowa ya riƙe.

Lissafi Ga Malaman Makaranta

Kowane yaro ya taɓa ganin mai faci yana fama da notin taya. In notin ya ƙi kwancewa, sai ya zura bututun ƙarfe a kan sifana, ya ƙara mata tsawo, nan da nan sai notin ya saki. Ƙarfinsa bai ƙaru ba, tsawon hannun ne ya ƙaru. Haka faɗin sitiyari yake.

Ga lissafin da malami zai iya rubutawa a allo. A ce sitiyarin asali na wata mota faɗinsa inci 16 ne, saurayi ya cire shi ya sa na ado mai inci 13. In aka raba 16 da 13 za a sami 1.23, watau ƙarfin da direba zai sa ya ƙaru da kusan rubu'i. A ce kuma rak ɗin motar irin na fawa ne mai murɗi uku, maimakon na hannu mai murɗi huɗu, kuma fawar ba ta aiki. In aka raba 4 da 3 za a sami 1.33, watau ƙarin sulusi. In aka haɗa biyun, aka ninka 1.23 da 1.33, sai a sami wajen 1.64. Ma'anarsa ita ce juyin da a da yake bukatar ƙarfin ɗaga kilo 10, yanzu sai da na kilo 16 da ɗoriya, tun ba a zo kan maganar taya ko lodi ba.

Sa'an nan malami ya ƙara musu da lissafin gudu. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a sa'a, wanda shi ne iyakar gudun da doka ta yarje wa motar gida a bisa tagwayen hanya, tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Ko mai tafiyar kilomita 60 tana cin kusan mita 17. In akuya ko ɗan acaɓa ya ratso, direba kuwa ya ɓata daƙiƙa ɗaya tak yana kokawa da sitiyari, to, yara su auna a filin makaranta su ga iyakar nisan da motar ta yi ba bisa son ransa ba.

Abubuwan Da Ake Sakewa

Na farko taya mai faɗi. Samari suna sonta domin kyan gani, kuma gaskiya ne a bisa kwalta mai kyau tana kama ƙasa. Amma in mota tana tsaye ko tana rarrafe, murɗa ta kamar nika ne a kan dutse, iyakar faɗinta iyakar wuyarta. A hanyar burji kuma, inda manyan motoci suka bar sawu, takan bi sawun da kanta, tana jan sitiyari.

Na biyu rim mai turo taya waje. Kowace tayar gaba tana da madogarar da take juyawa a kanta. In aka sa rim wanda ya nisanta tsakiyar taya daga wannan madogara, to, an ba kowane rami da kowane dutse dogon hannu na fizgar sitiyari, kamar bututun mai faci. Motar da ke da fawa takan shanye wani abu daga cikin wannan duka. Wadda ba ta da ita kuwa, dukan yana isowa tafin hannun direba ne kai tsaye.

Na uku inji mai nauyi. Motoci irin su Golf da tayoyin gaba suke ja, inji da giya duk a gaba suke, har kusan kashi uku cikin biyar na nauyinsu a kan tayoyin gaba yake. Wanda ya ɗora mata injin da ya fi nata girma ya ƙara wa hannunsa kaya ne.

Na huɗu, wanda ya fi shafar masu lodi, shi ne ƙarin sifirin. Ana ƙara wa a-kori-kura sifirin ne domin ta ɗauki abin da ya wuce ƙa'idarta. Rake kuwa dogo ne, yakan zarce bayan mota. In nauyi ya taru a bayan tayoyin baya, sai gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu. Sabon direba sai ya yi murna, yana tsammani motar ta yi daɗi, alhali kuwa tayoyin gaba ne suka rage kama ƙasa. A kan kwana, musamman in da yashi, zai murɗa motar ta ƙi bi. Nauyin sitiyari wahala ne, amma sauƙinsa a ƙarƙashin lodi gargaɗi ne.

Motar Da Fawarta Ta Mutu

Cikin dukan abin da muka ambata, babu wanda ya kai wannan yawa ko haɗari. Famfo ya fara kuka, ko rak ya fara yoyo, mai mota ya gaji da sayen mai kowane mako, sai a ce masa, "Bari a cire bel ɗin kawai, ta koma manuwal." Lalle ba ta koma manuwal ba, ta zama mai fawa wadda fawarta ta mutu, tsakanin biyun kuwa akwai nisa.

Dalili na farko mun riga mun faɗe shi, watau haƙoranta na gajeren murɗi ne. Na biyu, in akwai sauran mai a ciki, direba ne yanzu zai riƙa tura shi da hannunsa ta cikin ƙananan ƙofofi da bututu, aikin da famfo ke yi a da. In kuwa man ya ƙafe ƙaf, sai cikin rak ya riƙa guga a bushe. Na uku, a cikin sandar sitiyari mai fawa akwai wani siririn ƙarfe da aka yi shi domin ya ɗan murɗe, shi ke buɗe wa mai hanya. In babu taimako, sai direba ya gama murɗe shi tukuna kafin taya ta motsa, ga nauyi ke nan, ga kuma jinkiri. Na huɗu, masu ƙera motar da ke da fawa sukan karkata madogarar tayoyin gaba sosai domin mota ta riƙa miƙewa da kanta bayan kwana, wannan karkata kuwa nauyi ce a hannu.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, a bisa miƙaƙƙiyar hanya irin wannan mota ba ta nuna kome. Sai an zo shiga tasha, ko kauce wa rami, ko tayar gaba ta fashe, sa'an nan halinta ke bayyana. Wanda ba shi da halin gyara fawa, abin da ya kamace shi shi ne ya nemi rak na hannu na ainihin irin motarsa, in an ƙera irinta da shi, a sa masa. Araha ba ta ado, balle a kan abin da ran mutum ke rataye da shi.

Hujjar Samari

Samari masu wasan mota suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare su. Sukan ce motocin tsere ma ba su da fawa, domin famfo yana rage wa inji ƙarfi, yana ƙara nauyi, yana kuma hana direba jin abin da taya ke taka. Akwai gaskiya a ciki. Porsche 911 ta Jamus ta yi fiye da shekara ashirin ba ta da fawa, sai cikin 1989 aka fara sa mata. Lotus Elise ta Ingila, wadda ta fito cikin 1996, ba a sa mata ba. Haka Alfa Romeo 4C ta Italiya, wadda ta fito cikin 2013.

Amma a dubi yadda aka ƙera su. Dukan ukun nan injinsu a bayan direba yake, gabansu ba nauyi. Elise ta farko duka-duka ba ta kai kilo 800 ba, tayoyinta na gaba kuwa sun fi na baya siranta. Injiniyoyi sun auna kowane abu ne tun daga farko bisa sanin cewa hannu ne zai juya. Wanda ya ɗauki mota mai inji a gaba, ya cire mata bel, ya faɗaɗa mata taya, ya rage mata sitiyari, ya yi kishiyar abin da waɗancan suka yi ne ta kowace fuska. Sa'an nan masu tsere a fili killatacce suke yi, ba a ƙofar gidan biki ba, inda yara suka yi dafifi suna kallo.

Zama Lafiya Da Sitiyarin Hannu

Wanda motarsa ta hannu ce ta asali, kamar tsohuwar Fijo, ba shi da abin damuwa in ya kiyaye abin da tsofaffin direbobi suka sani.

Kada ya murɗa sitiyari mota tana tsaye cik. Ko rarrafe take yi, nauyin yakan ragu ƙwarai, kuma ya tsare tayarod da boljoyin daga saurin ci. Ya riƙa duba iskar tayoyin gaba da geji da safe kafin su yi zafi, domin ƙarancin iska shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke sa sitiyari nauyi. In mota tana ja gefe guda, ko taya tana ci ta ɓangare ɗaya, ya kai a daidaita masa ƙafafun. Ya dubi robar da ta rufe bakin rak, domin in ta yage ƙurar hunturu da ruwan damina za su shiga su cinye giris.

A hanyar burji da gargada, ya ajiye manyan yatsunsa a bisa da'irar sitiyari, kada ya zura su ciki, domin in taya ta bugi kututture sitiyarin yakan fizge har ya gurɗe yatsa. Ya riƙe da hannu biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ya rage gudu tun kafin ya shiga kwana, ba a tsakiyarta ba, domin mai murɗi huɗu yana bukatar lokaci. In tayar gaba ta fashe, ya riƙe sitiyari gam, ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ya danna birki da ƙarfi. Mai sayen tayar hannu kuma ya karanta lambobi huɗun da ke jikinta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ya ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 cikin 2019. Hanyar lafiya, in ji masu iya magana, a bi ta da shekara.

Ga Akawu Da Malami

Masu karatunmu suna da hannu cikin wannan al'amari fiye da yadda suke zato. Akawu shi ke rubuta takardar gyaran motar ofis. Malami shi ke ɗauko motar haya da za ta kai yara jarrabawa ko wasanni. Da yawa kuma sukan tara albashi su sayi 'yar mota ta hannu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, da jami'an duba lafiyar mota suna nasu aikin, amma ba za su tsaya a kowace mararraba tsakanin Kudan da Ikara ba.

Gwajin kuwa ba ya bukatar makaniki. A buɗe gaban mota a duba. In an ga ƙaramar gorar man sitiyari a bushe, ko famfo babu bel a wuyansa, to, an gane. In irin ta lantarki ce, ba ta da gora, sai a duba ko fitila mai siffar sitiyari ta ƙi mutuwa a gaban direba bayan an ta da inji. A ƙirga murɗi daga iyaka zuwa iyaka: in wajen uku ne kuma ga nauyi, fawa ce ta mutu. A kaɗa sitiyari a hankali ana duban taya: in ya yi wasa fiye da faɗin yatsa biyu kafin tayar ƙaramar mota ta motsa, wani abu ya ci. Duka wannan ba zai ci minti biyar ba.

Mahayi ba ya hawan ingarma sai ya duba linzami, kome kyan sirdi da jalala. Saboda haka muna roƙon akawun da aka kawo wa takardar cire bel ya mai da ita a rubuto ta gyaran famfo. Malamin da aka kawo wa motar da ta faɗi wannan gwaji kuwa, ya yi haƙuri ya nemi wata, ko da yara za su makara. Allah ya kiyaye hanya.